Famfon zafi, gas ɗin sanyi da zafin Sakkwato a manhajar lissafin makamashi

Tambayar da na fi ji daga ɗalibai da matasan injiniyoyin da suka fara koyon EnergyPlus, manhajar lissafin makamashin da gini ke sha, ita ce: "Malam, a ina ake rubuta nau'in gas?" Sun zana gini, sun sa masa iyakwandishan, kuma suna son su ga bambancin wutar da zai sha a shekara idan na'urar tana aiki da R22, ko R410A, ko R290. Amsar takan ba su mamaki, domin a samfurin da aka fi amfani da shi wajen kwaikwayon iyakwandishan na ɗaki babu gurbin rubuta sunan gas ko kaɗan. Manhajar ba ta san akwai gas a cikin bututun ba. Abin da ta sani shi ne wasu lambobi da aka ciro daga gwajin wata na'ura a wani ɗakin gwaji, kuma waɗannan lambobin suna da iyakar da suka tsaya. Abin da ya sa wannan ya dame mu a Sakkwato fiye da mutumin Landan ko Shikago shi ne, sa'o'in da muka fi bukatar sanyi su ne suke faɗawa a bakin wannan iyakar, wani lokaci ma su wuce ta.

Iyakwandishan, da firji, da na'urar dumama ruwa mai ɗebo zafi daga iska, duk dangi ɗaya ne, wato famfon zafi. Aikinsu shi ne kwashe zafi daga wuri mai sanyi su tura shi wuri mai ɗumi. Gas yana tafasa a cikin ebaforeta, wato ɓangaren da ke cikin ɗaki, da ƙaramin matsi, ya shanye zafin ɗaki; kwamfuresa ta matse shi har zafinsa ya zarce na iskar waje; ya koma ruwa a cikin kwandensa, wato ɓangaren da ke waje, yana zubar da zafin; sannan ya bi ta siririn bututu ko bawul matsinsa ya faɗi, zagayen ya sake farawa. Lord Kelvin ya bayyana yadda za a yi amfani da wannan zagaye wajen dumama tun a 1852, amma tushen lissafin ya fito ne daga aikin Sadi Carnot na 1824, kuma har yau da shi ake fara auna kowace na'ura.

Lissafin Carnot ya isa ya nuna girman matsalar tun kafin a kunna kwamfuta. Ana auna ingancin na'ura da COP, wato sanyin da ta bayar a raba da wutar da ta sha. Mafi girman COP da na'urar sanyi za ta iya samu shi ne zafin tafasar gas a ma'aunin Kelvin, a raba shi da tazarar da ke tsakanin zafin kwandensa da na ebaforeta. Idan gas yana tafasa a digiri 7 na Salshiyas, wato kusan 280 a Kelvin, kuma yana komawa ruwa a digiri 50, tazarar 43 ce, COP kuma ya kama 6.5. Idan kwandensa ta hau digiri 60, COP ya sauko 5.3, asarar kusan kashi 19 cikin ɗari ke nan. A digiri 65 ya zama 4.8. Na'ura ta gaske ba ta kusantar waɗannan lambobin, sau da yawa rabinsu take samu, amma hanyar gangarowar ɗaya ce, kuma ta gaske ta fi saurin gangarowa saboda halin gas ɗin da ke cikinta.

Hanyoyi biyu ne ake bi wajen sa famfon zafi cikin manhaja. Ta farko ita ce a ɗauki jadawalin da kamfani ya fitar, mai nuna ƙarfin sanyi da wutar da na'ura ke sha a yanayi daban-daban, a daidaita masa wata ƙa'idar lissafi. EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fara fitarwa a 2001 bayan haɗa gadon tsofaffin manhajojin DOE-2 da BLAST, tana amfani da irin wannan ƙa'ida, wadda ake kira lanƙwasa, har guda biyar ga iyakwandishan mai gudu ɗaya: biyu na ƙarfin sanyi, biyu na cin wuta, ɗaya kuma na asarar da ake yi saboda kunnawa da kashewa. Masu nauyi a cikinsu su ne guda biyu da suka dogara da zafi, kowacce da lambobi shida, suna karɓar zafin jiƙaƙƙen ma'auni (abin da ma'aunin zafi da aka naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle yake nunawa) na iskar da ke shiga ebaforeta da kuma zafin iskar da ke shiga kwandensa. Wata manhajar, TRNSYS, wadda ta fito daga Jami'ar Wisconsin tun 1975, ita ma galibi jadawali take karantawa ta nemi ƙima tsakanin layukansa. Wannan hanya tana da sauri, kuma idan aka tsaya cikin kewayon gwajin tana da inganci ƙwarai. Halin gas yana cikinta, amma a narke, ba yadda za a zare shi a sa wani.

Kowace lanƙwasa tana zuwa da mafi ƙarancin zafi da mafi yawan zafin da aka yarda ta karɓa. A yawancin fayilolin misali da ke zuwa tare da EnergyPlus, iyakar sama ta iskar kwandensa ita ce digiri 46.1, wato 115 a ma'aunin Faranhait. Idan iskar ta wuce haka, manhajar ba ta tsayawa, sai ta riƙe ƙimar 46.1 ta ci gaba da lissafi. Abin ya yi kama da sikelin mai sayen albasa da allurarsa ta ƙare a kilo ɗari: ko buhun ya kai kilo 120, ɗari zai nuna, kuma mai kallo ba zai ga alamar kuskure ba. Wasu sukan gano iyakar sai su buɗe ta kawai, su rubuta 55 a wurin 46.1, ba tare da sun taɓa lambobin shida ba. A ganina wannan ya fi na farkon haɗari, domin ƙa'idar da aka daidaita a wani kewayo ba ta da wani dalilin bin gaskiya a wajensa.

Mai karatu zai iya cewa ai iskar Sakkwato ba kasafai take wuce digiri 46 ba, kuma gaskiya ne. Matsakaicin zafin rana a watan Afrilu yana kewayen digiri 40 zuwa 41, ranaku masu tsanani kuma sukan haura 44. Sai dai wannan zafin iska ne a inuwa, a fili, kamar yadda ake auna shi a tashar yanayi. Abin da kwandensa ke shaƙa daban ne. A gidajen Mabera ko Runjin Sambo za ka tarar an maƙala ta a bangon yamma, ko a ɗan lungun da ke tsakanin katanga biyu inda iskar da ta fesar take dawo mata, ko a kan dakalin siminti da ya sha rana tun hantsi. Ga kuma ƙurar hunturu da ta toshe tsakanin faifan kwandensar, wadda sau da yawa ba a wanke ta kafin bazara ta shigo. Kwandensa mai tsabta takan bukaci gas ya ɗara iska da digiri 10 zuwa 15. Mai ƙura tana bukatar fiye da haka. Fayil ɗin yanayin da manhajar ke karantawa kuwa, mai sa'o'i 8,760 na shekara guda, an gina shi ne don ya wakilci shekara ta yau da kullum, saboda haka da gangan ake barin watannin da suka fi tsanani a waje. An rage zafin ta hanya biyu ke nan kafin lissafi ya fara.

Lambar da ke jikin kwalin na'urar ma tana da nata sharaɗi. Ƙa'idar ISO 5151 ta tanadi yanayin gwaji uku. A T1 iskar waje digiri 35 ce, ta ciki 27. A T3, wanda aka ware wa ƙasashe masu zafi, ta waje 46 ce, ta ciki 29. Iyakwandishan da ake kira mai 1.5 HP a kasuwa, mai BTU 12,000 a sa'a ko kusan kilowat 3.5, galibi a T1 aka auna shi. Da azahar ɗin Afrilu wannan kilowat 3.5 ɗin ba ya nan.

Akwai wata iyakar a ɗaya ɓangaren, wadda mutanen kudu ba su cika damuwa da ita ba. A yanayin gwaji iskar ɗaki tana da laima, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin na'urar yana tafiya ne wajen matse ruwa daga iska. Daga Disamba zuwa Afrilu iskarmu a bushe take ƙayau. Ɗaki mai digiri 24 da laima kashi 15 cikin ɗari yana da zafin jiƙaƙƙen ma'auni kusan digiri 11, alhali lanƙwasar misalin nan daga 12.8 take farawa. Kowa ya san a watan Maris bututun iyakwandishan ba ya ɗigar da ruwa. EnergyPlus tana da dabarar da take bi idan ta lura ebaforeta ta bushe, amma abin lura shi ne ƙarfin da ba a kashe wajen matse ruwa ba, ba duka yake komawa sanyaya iska ba. Jimillar ƙarfin na'urar ce take raguwa. Wanda ya ɗauki lambar kwali ya raba da faɗin ɗaki ba zai ga wannan ba.

Hanya ta biyu ita ce a bi zagayen gas ɗin kansa, mataki-mataki, kuma a nan ne halayen gas suke fitowa fili. Kowane gas yana da wani zafi wanda idan ya wuce shi, duk matsin da aka yi masa ba zai koma ruwa ba. Na R22 digiri 96 ne, na R290 kusan 97, na R134a 101, na R32 kuwa 78, na R410A kuma kusan 71. Yayin da kwandensa ke matsowa kusa da wannan iyaka, bambancin entalfi, wato yawan zafin da kowane kilo na gas ke ɗauke da shi, tsakanin ruwa da tururi yana tsukewa, ruwan da ke fita daga kwandensa yana ɗauke da zafi mai yawa, kuma idan ya ratsa bawul sai kaso mai tsoka ya riga ya zama tururi kafin ya isa ebaforeta. Wannan kason ya sha wutar kwamfuresa amma ba zai sanyaya komai ba. A digiri 65, R22 yana da sauran tazarar digiri 31 kafin iyakarsa, R410A kuwa digiri 6 kawai suka rage masa. Shi ya sa na'urori biyu masu COP ɗaya a T1 suke rabuwa idan zafi ya tsananta.

Matsi ma haka. A digiri 50, R22 yana komawa ruwa a kusan bar 19, R290 a bar 17, R410A kuwa sai ya haura bar 30. A digiri 60 lambobin sun zama kusan 24, da 21, da 38. Na'urorin da aka sa wa makunnin kariya suna yanke kwamfuresa idan matsi ko zafi ya kai wani mataki, abin da masu gyara ke cewa ta yi tirif. Lanƙwasa ba ta san da wannan ba. A rahotonta ɗakin yana nan da sanyi a daidai sa'ar da mai gida ya fito tsakar gida yana fifita.

A gefe guda, duk wanda ya karanta yabon da ake yi wa iskar carbon dioxide, wato R744, ya kamata ya duba iyakarta, digiri 31. Yawancin ranakunmu sun fi haka zafi, saboda haka a nan ba za ta koma ruwa a kwandensa ba, sai dai na'urar ta yi aiki a saman iyakar da matsin da ke kai bar 90 zuwa sama da 100. A Japan an yi nasara da ita wajen dumama ruwa tun 2001, amma nasarar ta dogara da shigowar ruwa mai sanyi, ruwan tankin da ya kwana biyu a kan rufi a Sakkwato kuwa da ɗuminsa yake shigowa.

Halayen gas ana samun su ne daga manyan rumbuna biyu. REFPROP na hukumar NIST ta Amurka shi ne abin dogaro, amma sayensa ake yi. CoolProp, wanda Ian Bell da abokan aikinsa suka gina, kyauta ne, ana kiran sa daga Python ko Excel, kuma ga gas ɗin da ba gauraye ba ne sakamakonsa ya yi daidai da na REFPROP gwargwadon abin da aikin gini yake bukata. Ga ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ba shi da kuɗin lasisi, wannan babbar dama ce. EnergyPlus ita kanta ba ta warware manyan ƙa'idojin lissafin da waɗannan rumbuna suke amfani da su. Jadawalin halaye take karantawa, na tafasa da na tururi mai ƙarin zafi, ta ja miƙaƙƙen layi tsakanin maki biyu. Can nesa da iyakar gas wannan ba laifi. Kusa da ita halayen suna lanƙwashewa da sauri, kuma jadawali mai tsallen digiri biyar-biyar zai ba da amsa karkatacciya. Wanda zai shirya wa R410A ko R32 jadawali domin yanayinmu, ya cusa maki kusa-kusa daga digiri 55 zuwa sama, kuma ya karanta fayil ɗin gargaɗi bayan kowane lissafi, domin a can manhajar take faɗin cewa an fita kewayon jadawali.

Tarkon da ya fi kama sababbi shi ne na mafarin entalfi. Entalfi ba shi da sifili na asali, yarjejeniya ce kawai. A tsarin cibiyar sanyaya ta duniya, IIR, ana ba ruwan gas kilojul 200 a kowane kilo a digiri sifili. A tsarin ƙungiyar injiniyoyin sanyi ta Amurka, ASHRAE, ana ba shi sifili a digiri 40 ƙasa da sifili. Duk wanda aka bi, bambanci tsakanin maki biyu ɗaya ne. Amma idan aka ɗauko jadawalin ruwa daga wannan littafi, na tururi daga wancan, COP zai fito da lambar da ba ta da ma'ana, wani lokaci kuma ya fito da lambar da ta yi kama da gaskiya, wanda ya fi muni. Sai kuma batun geji. Mai gyara zai ce maka R22 yana zama a psi 65 zuwa 70 a ɓangaren tsotsa, R410A a kewayen 120, kuma daidai ya faɗa, amma gejinsa bai haɗa da matsin iskar duniya ba, manhaja kuwa cikakken matsi take so a Paskal. Mantuwar bar ɗaya a ɓangaren tsotsa tana karkatar da zafin tafasar R22 da digiri biyar ko shida. Gaurayayyen gas kamar R407C, mai haɗin R32 da R125 da R134a, yana ƙara wata wahala, domin a matsi ɗaya yana fara tafasa a wani zafi ya gama a wani, da tazarar digiri 5 zuwa 7. R410A ma gauraye ne, rabi R32 rabi R125, amma tazararsa ba ta kai a damu da ita ba.

A cikin EnergyPlus, wuraren da sunan gas yake aiki da gaske kaɗan ne: tsarin ɗakunan sanyi da firjin kantuna, wani samfurin VRF (na'ura ɗaya ta waje mai ciyar da na'urorin ɗakuna da yawa), da famfon zafi mai amfani da ruwa wanda aka gina bisa aikin Hui Jin da Jeffrey Spitler na Jami'ar Jihar Oklahoma a 2002. A wannan na ƙarshe ana ƙiyasta girman kwamfuresa da ƙarfin musayar zafi daga jadawalin kamfani, sannan a bi zagayen da halayen gas, har da gurbin matsin da kwamfuresa za ta yanke. Yana ba ni sha'awa saboda ƙasa mai zurfi tana zama kusa da matsakaicin zafin shekara, wanda a Sakkwato yake kewayen digiri 28 zuwa 29, kuma kwandensar da ke zubar da zafi cikin ruwa mai digiri 30 ta fi wadda ke fama da iska mai 45 sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Sai dai a Turai suna zuba zafi a ƙasa da rani su ɗebe shi da sanyi, mu kuwa zubawa kawai za mu yi kusan duk shekara, ƙasar kuma za ta riƙa ɗumama. Lissafin shekara ɗaya ba zai nuna haka ba, sai an ja shi shekara goma ko ashirin.

Ga iyakwandishan na ɗaki, abin da nake yi shi ne haɗa hanyoyin biyu. Ina gina ɗan zagaye a Python da CoolProp, in sa masa ƙarin zafin tururi da ragin zafin ruwa na kusan digiri biyar-biyar, in nemi bayanan kwamfuresar idan kamfani ya fitar da su a tsarin AHRI 540 mai lambobi goma, in kuma daidaita girman kwandensa da ebaforeta har sakamakon ya yi daidai da na kwali a T1, da T3 idan an bayar. Daga nan sai in fitar da maki har zuwa iska mai digiri 52 ko 55, in daidaita sabuwar lanƙwasa a kansu, in tabbatar tana ba da ɗaya cif a yanayin gwaji, sannan in buɗe iyakarta. Idan gas zan canja, a Python nake canjawa, kuma ba suna kaɗai ba: R290 yana bukatar kwamfuresa mai ɗan girma fiye da ta R22 kafin ya ba da ƙarfi ɗaya, R32 kuma yana fitowa daga kwamfuresa da zafin da ya fi na R410A, wanda a yanayinmu abin dubawa ne.

Wannan kwatance ba na sha'awar ilimi kaɗai ba ne. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe masu tasowa za su daina R22 zuwa 2030, sai ɗan abin gyara har 2040. Gyaran Kigali na 2016, wanda Nijeriya ta amince da shi a 2018, ya biyo kan dangin R410A saboda ɗumama duniya: a ma'aunin da ake ba carbon dioxide ɗaya, R410A yana da 2,088, R22 1,810, R32 675, R290 kuwa kusan 3. A 2015 ɗakin bincike na Oak Ridge a Amurka ya gwada ƙananan iyakwandishan har zuwa iska mai digiri 55, inda R290 ya fi R22 COP da ɗan ragin ƙarfi, R32 kuma ya fi R410A. Amma R290 yana kama wuta sosai, R32 kaɗan, kuma babu manhajar makamashi da za ta gaya maka ko yaron da zai yi walda a bututun ya fitar da gas ɗin tukuna. Haka kuma duk lissafin ya ɗauka cewa abin da ke cikin silinda shi ne abin da aka rubuta a jikinta, alhali na'urar da aka yi ta ƙara wa gas daga hannu daban-daban ba ta da jadawali a REFPROP ko CoolProp.

Inda kuskuren ke zama kuɗi shi ne wajen auna sola. Makarantu da asibitoci da otal da yawa yanzu suna son iyakwandishan ya tsaya a kan faifan sola da inbata, kuma girman inbatar yana bin sa'a mafi nauyi ne, ba matsakaicin shekara ba. A wannan sa'ar kwamfuresa tana jan wuta fiye da abin da lanƙwasar da ta tsaya a 46.1 ta nuna, faifan kuma ƙarfinsa yana raguwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri da ya hau sama da 25. Saboda haka kafin in karɓi sakamakon kowa, nakan nemi jadawalin sa'a-sa'a na Afrilu da Mayu, mai nuna zafin iskar kwandensa, da ƙarfin sanyi, da wutar kwamfuresa, in duba ko akwai inda zafi ke hawa amma sauran biyun suka daskare. Idan kuma ginin yana tsaye, sai a rataya ma'aunin zafi ɗan nesa kaɗan da bayan kwandensa, a sa wani a bututun ruwan gas, a ɗaura amita a wayar kwamfuresa, a ɗauki karatu daga ƙarfe ɗaya zuwa biyar na yamma har tsawon mako guda a cikin bazara, a ɗora shi a kan abin da samfurin ya ce.